Zaɓen Rana da Sa'ar Kamun Kifi a Kogin da Teku ke Shiga

Kogin da ya zuba a teku, ƙarshensa ba ya bin ƙa'idar sauran koguna. Ruwansa ba ya gangara waje ɗaya kullum. A mafi yawan wurare, sau biyu a rana teku na turo ruwa ya hau kogin, sau biyu kuma ya janye ya bar laka da tudun yashi a fili. Shi ya sa mutum biyu za su jefa fatsa a wuri ɗaya da ƙugiya iri ɗaya, wanda ya zo da ƙarfe 7 ya cika kwando, wanda ya zo da ƙarfe 11 ya koma hannu rabbana. Ba sa'a ba ce ta raba su. Ɗaya ya tarar da ruwa yana tafiya, ɗayan ya tarar da shi a tsaye.

Kifi a irin wannan kogi yana ci ne sa'ad da ruwa ke motsi, domin motsin ne ke tono jatan lande da ƙaguwa da tsutsa daga laka, shi ne kuma ke kwaso ƙananan kifaye ya kawo su bakin manya. Duk lissafin wata da jadawali da iska da za mu yi a nan, manufarsa ɗaya: ka san sa'ar da ruwa zai yi tafiya daidai gwargwado a ainihin wurin da za ka tsaya.

Minti 50 na kowace rana

Wata ne ke jan ruwan teku, rana kuma tana taimaka masa da ƙarfin da bai kai rabin nasa ba, kusan kashi 46 cikin ɗari. Kafin duniya ta juya ta sake fuskantar wata, shi ma ya ɗan matsa gaba a tafiyarsa, don haka zagayen cika da janyewa yana ɗaukar awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25, tsakanin cika da janyewa kuma awa 6 da 'yan mintoci. Idan yau ruwa ya cika da ƙarfe 6 na safe, gobe sai wajen ƙarfe 7 saura minti goma. Bayan mako guda, a wannan sa'ar ta ƙarfe 6 ruwa a janye za ka same shi. Mai komawa wuri ɗaya kowane mako a sa'a ɗaya don ya taɓa yin kamu mai kyau a nan, kusan kishiyar ruwan da ya ba shi kifin yake zuwa tararwa.

Ba ko'ina ne ake samun cika biyu masu kama da juna ba. A wasu sassan Tekun Meziko cika ɗaya ce a rana, a gabar yammacin Amurka kuma biyu ne amma ɗaya ta fi ɗaya tsawo sosai. Duba jadawalin cika da janyewar ruwa na yankinka na mako biyu a jere, nan take za ka gane irin naka.

Abin da wata ke faɗa

Idan wata da rana suka daidaita a layi ɗaya da duniya, wato a duhun wata da kuma daren da ya cika, ƙarfinsu na haɗuwa. Ruwa ya hau sama fiye da kullum, ya kuma janye ƙasa fiye da kullum. Wannan ita ce babbar cika. Idan wata ya zama rabi, a makonsa na farko da na uku, ƙarfin ɗaya yana rage na ɗaya, sai a samu ƙaramar cika: hawan kaɗan, saukar kaɗan, gudun ruwa kuma a hankali. Babbar cika ba ta zuwa a ainihin daren, takan yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ke bin lissafin watan Hijira ya huta da wannan aiki: ranar 1 zuwa 3 da ranar 15 zuwa 17 babbar cika, ranar 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24 ƙarama.

Su ma manyan cikar ba ɗaya suke ba. Nisan wata daga duniya yana sauyawa tsakanin kimanin kilomita 363,000 da 405,000. Idan kusantowarsa ta dace da duhun wata ko cikarsa, ruwa na hawa inda bai saba kaiwa ba. Haka ma a watan Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke daidai.

Da yawa suna ɗauka babbar cika ce ranar kifi, shi ke nan. Mu a ganinmu sai an duba wuri. A kogi mai faɗi wanda ruwansa ke tafiya a sanyaye, babbar cika alheri ce, domin ita ce ke ba ruwan ƙarfin da zai tayar da abinci, ta kuma kai kifi cikin ciyayi da ƙoramun da sauran ranaku ba sa samun ruwa. Amma a ƙunƙuntar mashiga mai zurfi, ruwan tsakiyar babbar cika yakan yi gudun da dalmar nutsar da ƙugiya mai giram 120 ma ba ta zama a ƙasa, ga ciyawa da tarkace suna naɗe zare, ga laka ta dagule ruwan. A irin wannan wuri ranakun tsakiya sun fi, wato kwana uku ko huɗu kafin babbar cika, lokacin da ƙarfin ruwa ke ƙaruwa kullum amma bai fi ƙarfin kayan aikinka ba. Ƙaramar cika kuma ita ce damar shiga gurabe masu zurfi da gindin gada, inda a sauran kwanaki ba a iya riƙe ƙugiya a ƙasa.

Akwai wani abu da 'yan kaɗan ne suka lura da shi, kuma yana sauƙaƙa shiri ƙwarai. A kowane wuri, babbar cika tana faɗowa kusan a sa'a ɗaya ta agogo kowane lokaci. Idan a koginka takan cika wajen ƙarfe 12 na rana da na dare, to ƙaramar cika za ta riƙa zuwa wajen ƙarfe 6 na safe da na yamma, bana da baɗi. Da ka san wannan, ka san ranakun watan da juyawar ruwa za ta haɗu da ketowar alfijir ko faɗuwar rana, kuma waɗannan su ne ranakun da ya kamata a keɓe tun da wuri.

Batun jadawalin nan na "lokutan cin kifi" da ake dangantawa da tsayuwar wata a tsakiyar sama, wanda wani Ba'amurke mai suna John Alden Knight ya ƙirƙiro a 1926 kuma manhajojin waya ke yaɗawa har yau, kada ka gina tafiyarka a kansa. A kogin da teku ke shiga, tasirin wata yana iso wa kifi ne ta hanyar ruwan da ke tafiya, wannan kuwa kana iya ganinsa da idonka. Hasken wata dai yana da nasa tasiri: a daren farin wata kifaye masu farauta da ido sukan ci cikin dare, sai cin safiya ya yi sanyi. A duhun wata kuwa, wurin da fitila ke haska ruwa, kamar gada ko mashigar jirage, yana tara ƙananan kifaye, manyan kuma su laɓe a bakin duhu. Nan ake jefa ƙugiya, a iyakar haske da duhu.

Jadawalin tasha ba na wurinka ba ne

A nan ne mafi yawan shiri ke rushewa. Jadawalin cika da janyewa da ake bugawa, na wata tashar jiragen ruwa ne, yawanci a bakin teku. Kai kuma kana kilomita 15 ko 30 cikin kogi. Cika tana hawa kogi ne kamar doguwar igiyar ruwa, saurinta kuma ya dogara da zurfi: a ruwa mai zurfin mita 4 tana yin kusan kilomita 22 a awa, idan zurfin ya ragu saurin ya ragu. Ke nan wurin da ke kilomita 20 daga baki zai iya cika awa guda bayan tasha. Tafiyar na iya yin nisa fiye da yadda ake zato. A kogin Hudson na Amurka ana ganin cika da janyewa har garin Troy, kimanin kilomita 240 daga teku, a Amazon kuwa ɗaruruwan kilomita ne.

Jinkirin kuma ba ɗaya ba ne ga cika da janyewa. Lokacin janyewa ruwa ba shi da zurfi, ga kuma ruwan kogin kansa da ke gangarowa, don haka ƙarshen janyewa ya fi ƙarshen cika jinkiri. Sakamakon haka, a cikin kogi hawan ruwa gajere ne mai ƙarfi, awa 5 ko ƙasa da haka, sauka kuma doguwa ce, awa 7 ko fiye. Duk yadda ka ƙara shiga ciki, bambancin na ƙaruwa.

Sannan cikar ruwa daban, tsayuwarsa daban. Ruwa na iya kaiwa iyakar tsawonsa a jikin gaɓa alhali a tsakiyar kogi yana ci gaba da hawa na tsawon rabin awa ko awa guda. Bakin gaɓa ne ke fara juyawa, tsakiya ta biyo baya. Kifi kuwa da gudun ruwa yake aiki, ba ruwansa da tsawon da ya kai a jikin gaɓa.

Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, don haka sai ka auna naka da kanka. Samo sanda mai tsawon mita 2 ko 3, ka yi mata zane kowane santimita 10, ka kafa ta a wurin da kake kamu lokacin da ruwa ya janye. Idan akwai ƙafar gada ko turke, shi ma ya isa. Duk minti 15 ka rubuta inda ruwa ya kai. Ka riƙa jefa ɗan kara a ruwa kana duba inda ya nufa, ka rubuta sa'ar da ya tsaya cak da sa'ar da ya juya. Daga nan ka cire lokacin tasha daga naka. Abin da za ka samu lambobi huɗu ne: jinkirin cika, jinkirin janyewa, da lokutan tsayuwar ruwa guda biyu. Yi wannan sau ɗaya a babbar cika, sau ɗaya a ƙarama, domin sukan ɗan bambanta. Aikin yini biyu ne, amma zai yi maka amfani shekaru. A duba kuma agogon da jadawalin ke amfani da shi. Wasu na intanet suna kan agogon GMT, kuma kuskuren awa guda ya isa ya sa ka rasa sa'ar kamu gaba ɗaya.

Inda za ka tsaya a kowane mataki

Farkon hawa, ruwa na shiga kan laka da yashin da rana ta ɗumama, kifi na bin bakinsa yana tsintar abin da ya fito. A wannan lokaci ba a buƙatar jifa mai nisa. Sau da yawa kifin yana cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, mita 5 ko 10 daga ƙafarka, kuma takun ƙafa mai ƙarfi ko inuwarka a kan ruwa ta isa ta kore shi. Dalma ƙarama, giram 15 zuwa 30, ta wadatar.

Tsakiyar hawa da tsakiyar sauka ruwa ya fi gudu. Kifi ba ya son kokawa da shi, sai ya fake a bayan duk abin da ke tare ruwa: ƙafar gada, dutse, kututturen da ya nutse, lanƙwasar gaɓa. Nemi layin da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kewayawa. Za ka gane shi da kumfa da ganyayen da ke jeruwa a kansa. Jefa sama da wurin, ka bar ruwa ya kawo ƙugiyar kamar yadda yake kawo abinci. Idan zare ya miƙe yana kaɗawa kuma ba ka jin dalma ta taɓa ƙasa, ƙara nauyi zuwa giram 60 ko 90. Kafin ka wuce haka, gwada zare siriri, domin kaurin zare ne ruwa ke kamawa ya ɗaga komai sama.

Sa'ar da muka fi ba wa muhimmanci ita ce awa biyu na ƙarshen sauka, a bakin ƙaramar ƙorama da ke zuba cikin babban kogi. Duk abin da ya shiga ciyayi lokacin cika dole ya fito ta wannan ƙofa ko ya maƙale a tudu, manyan kifaye kuma sun san haka. Za ka ga ruwan ƙoramar mai duhu yana shiga na kogi, jatan lande suna tsalle a sama, wani lokaci tsuntsaye sun jeru a gefe suna jira. Tsaya a gefen da ruwa ke gangarawa, ka sa ƙugiya a inda ƙasa ta fara zurfi.

Idan ruwa ya tsaya cak, ci yakan ɗauke na minti 20 zuwa 40. Lokacin sauya wuri ne da gyara kaya. Ƙarshen janyewar babbar cika kuwa, ko ba kifi, ya cancanci fita: ranar ce kogi ke nuna maka ramukansa da hanyoyin ruwansa da duwatsun da ke cinye ƙugiya. Ɗauki hoto da waya, ka daidaita kowane rami da wata alama ta kan tudu wadda ruwa ba ya rufewa.

Lissafin kashi 12

Ruwa ba ya hawa ko sauka da sauri ɗaya. Masu jirgi suna raba bambancin cika da janyewa kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A ce cika mita 3.2 ce, janyewa 0.8. Bambancin mita 2.4, kowane kashi santimita 20. Bayan awa biyu da fara sauka ruwa ya ragu da santimita 60, bayan uku da 120. Idan akwai tudun yashi a hanyarka ta dawowa mai ruwan mita 1.5 lokacin cika, kwale-kwalenka kuma yana bukatar rabin mita, awa 2 da minti 40 kawai gare ka. Ka ƙetare a awa biyu. A cikin kogi, inda hawa da sauka ba su daidaita ba, wannan lissafi ƙiyasi ne, sai a bar masa rara.

Mafi munin makalewa ita ce a saman babbar cika lokacin da ta fara raguwa, domin cikar gobe ba za ta kai ta yau ba, jirgi na iya zama a kan laka kusan mako biyu. Wurin da ba ka sani ba, shige shi da ruwa mai hawa. Igiyar anka kuma a auna ta da zurfin cika, ninki uku zuwa biyar, ba da zurfin da ka tarar ba. Mai kamu a ƙafa ya riƙa waiwaye, don ruwa yakan fara cika kwarin da ke bayansa kafin ya taɓa tudun da yake tsaye a kai.

Iska da ruwan sama

Jadawali lissafin wata da rana ne kawai, bai san da hadari ba. Iskar da ta kwana biyu tana busowa daga teku zuwa cikin kogi tana tura ruwa ciki: cika ta zo da wuri, ta wuce abin da aka rubuta, janyewa kuma ba ta kai ƙasa ba. Iskar da ke fita zuwa teku akasin haka take yi, har ƙoramar da ka saba shiga ta ƙafe. Matsin iska ma na da hannu. Duk raguwar miliba ɗaya (ma'aunin matsin iska) tana ɗaga ruwan teku kusan santimita ɗaya, don haka idan baromita, na'urar auna matsin iska, ta sauka daga 1013 zuwa 993, ka ƙara santimita 20 a lissafinka.

Haɗarin da ya fi kifar da ƙananan jirage shi ne iska ta fuskanci gudun ruwa. Sa'ad da su biyun ke tafiya waje ɗaya kogi a kwance yake. Da ruwa ya juya, cikin minti kaɗan sai igiyoyi gajeru masu tsayi su taso, musamman a bakin kogi inda ruwan sauka ke karo da na teku. Tun a gida ka duba inda iska za ta fito, ka san sa'ar da ruwa zai juya ya fuskance ta, ka kasance a wuri mai kariya kafin lokacin. Rigar kariya daga nutsewa a jiki take amfani, a sa ta tun daga gaɓa.

Ruwan sama mai yawa yana sauya kogin baki ɗaya, kuma ba lallai ya sauka a kanka ba. Wanda aka yi can sama da nisa yakan iso bayan kwana ɗaya zuwa uku. Ruwan gishiri ya fi na daɗi nauyi, lita ɗaya giram 1,025 ne a kan 1,000, shi ya sa yake shiga ta ƙarƙashi yayin da na kogi ke bi ta sama. Ambaliya na tura wannan ruwan gishiri zuwa baki, kifayen teku su bi shi. Bayan ruwa mai ƙarfi, gangara kusa da bakin kogi, ka kama a ƙarshen hawa lokacin da ruwan teku mai tsabta ya shigo, ka kuma sa ƙugiya a ƙasa, don sama na iya zama ja da laka alhali ƙasa gishiri ne garau. Idan ka ga layin da ruwa ja ya haɗu da kore, bi shi. A ruwa mai dagulewa, abinci mai ƙarni da ƙanshi ya fi na roba kamu, tunda kifi da hanci yake nema. Idan kuma an daɗe ba ruwan sama, gishiri na hawa nesa cikin kogi, ka tarar da kifin teku inda ba ka saba ganinsa ba.

Yayyafi da lumshi suna taimakawa, domin kifi ya fi sakin jiki a ruwa marar zurfi idan haske ya ragu. Masunta da yawa sun lura ci yana ƙaruwa a sa'o'in da ke gaban hadari, ya kuma yi sanyi a ranar da sama ta washe bayansa. A lokacin zafi, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin sosai: kusan miligiram 9 a lita idan zafinsa digiri 20 ne, 7.5 idan ya kai 30. Ƙaramar cika da tsakar rana a irin wannan lokaci ita ce mafi mutuwar sa'a, gara asuba da ruwa mai hawa wanda ke kawo sanyin teku.

Walƙiya ba a yi mata lissafin riba. Ƙidaya daƙiƙa tsakanin haske da ƙarar tsawa, kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, kwantar da sandar fatsa, musamman ta kabon wadda lantarki ke bi, ka fita daga ruwa, kada ka koma sai minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Wajen shiri, fara da wata tun mako biyu kafin tafiya ka ware kwana biyu ko uku da suka dace da wurinka. Buɗe jadawali ka ƙara jinkirinka, ka nemi ranar da awa biyu na ƙarshen sauka ko na farkon hawa suka faɗo kusa da alfijir ko magariba. Saura kwana biyu ka duba ruwan saman da aka yi a saman kogi, daren tafiya ka duba iska. Ka isa wurin awa guda kafin sa'ar da ka zaɓa, ka kuma shaida wa wani inda za ka da lokacin dawowa. A littafinka na kamu, kada ka rubuta "ƙarfe 8" kawai, don mako mai zuwa ƙarfe 8 wani ruwan ne. Rubuta "awa ɗaya da rabi bayan cika, 12 ga wata, iska daga teku, ruwa ya ɗan dagule", tare da nauyin dalmar da ta zauna a ƙasa da zurfin da kifin ya ci.